Kayan da Aka Ce Za a Ƙona

Ranar da Sabo mai zane ya kwana bakwai a ƙasa, maza suka cika ɗan falon gidansa da ke unguwar Ainu Shams a birnin Alƙahira domin rabon gado. A shekarar 1978 ke nan. Matarsa Batulu tana ƙuryar ɗaki bayan labule, cikin kayan takaba, 'yarta Kulu mai shekara huɗu tana kwance a cinyarta. Ba ta ganin kowa, amma tana jin komai.

Malam Nata'ala ne ya zo rabon. Shekararsa goma sha biyu yana karatu a Alƙahira, kuma shi ne mai ɗaura wa 'yan gida mazauna birnin aure, shi ne mai raɗa suna, shi ne mai raba gado. Shi ya ɗaura auren Batulu da Sabo a ɗakin wasu ɗalibai, da fatiha da dabino, babu ko guntuwar takarda. Kullum Sabo sai ya ce gobe zai je ya yi takardun, har zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi.

Aka lissafa katifa, da rediyo, da agogo, da riguna uku, da fam goma sha shida. Malam ya raba daidai: tumuni ga mata, rabi ga Kulu, saura ga Rabi'u, ƙanin mamaci. Sai Rabi'u ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, waɗannan fa?"

Zane-zanen Sabo yake nufi, guda arba'in da uku, jingine da bango: mata masu tankaɗe, masu ɗauke da burodi a ka, tsofaffi a bakin masallaci.

"A'uzu billahi," in ji Malam. "Surar mai rai ba dukiya ba ce, ba a gadonta. Sau nawa na faɗa wa marigayi? Barinsu nauyi ne a kansa. A fitar da su a ƙona, ya samu sauƙi a makwancinsa."

Batulu ta ɗaga murya daga bayan labule. "Allah gafarta Malam, ni na daka fentin nan a turmina. Ni na dafa ƙaron, ni na ja ƙyallen a kan katako har hannuna ya yi kanta. Gumin mutum biyu ne."

"Mai takaba ba ta ɗaga murya, Batulu. Ki yi wa mijinki addu'a."

"Ki bar mini wannan, Yaya," in ji Rabi'u, murya a sanyaye. "Ni zan kai su bayan gari in sa musu wuta da hannuna. Ɗan'uwana ne, ba zan bari a azabtar da shi ba."

Washegari da hantsi ya zo da keken jaki. Batulu ta leƙa ta tsagar taga tana kallo. Ta ga yana naɗe kowane zane da jarida, yana sa tsumma tsakaninsu don kada su gogi juna, sannan ya aiko a karɓi bargonta ya lulluɓe su saboda rana. Abin da za a kai wuta ake yi wa wannan gatan! Amma ina za ta? Wata huɗu da kwana goma ba ta da ikon taka bakin titi, kuma ba ta da wanda za ta aika.

Guda ɗaya ne ya tsira. Gilashin tagar ƙuryar ya daɗe da fashewa, Sabo ya toshe wurin da wani ɗan ƙaramin zane, aka rataya labule a kansa. Kulu ce a ciki tana 'yar shekara uku, da tabon da ta samu a girar hagu ranar da ta faɗo daga matakala. Ba namijin da ke shiga ɗakin mai takaba, shi ya sa ba wanda ya gani.

Da ta fita takaba, kuɗin haya ya riga ya taru. Mai gida ya ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, amma shi ma yana da 'ya'ya. Ta kwashe komatsanta ta koma wani ɗakin langa-langa a saman bene, kusa da kejin tantabarun mai gadi. Da zafi kamar tanda, da sanyi ruwa na ɗiga kan katifa.

Kulu ta kai shekara shida, Batulu ta wanke ta tas ta kai ta makaranta. Aka ce ina takardar haihuwa? A gida aka haife ta, a hannun wata tsohuwa Basudaniya. Aka ce to ina takardar aure? Babu. Ina fasfonki? Ya mutu tun shekarar da matar da ta kawo ta raino ta koma gida ta bar ta. Aka ce ta je ta dawo. Ta je wurin Rabi'u ya taimaka mata da takardun, ya ce ta bari ya huce da hidimar aurensa. Shekara ta zagayo, ya ce ta bari matarsa ta haihu. A cikin shekarun nan ya kama gida mai ɗaki uku a unguwar Faisal, ya sayi ƙaramar bas ana yi masa haya da ita. Mutumin da Sabo ke ba kuɗin shiga mota! Jama'a suka ce Allah ne Ya buɗa masa.

Ita kuwa Batulu abin da ya buɗe mata shi ne wankau. Sau uku a mako take shiga jirgin ƙasa, ta sauka ta canja wani, har Hadayek el-Maadi, gidan Marta, matar wani akawun ofishin jakadanci mai suna Habila. Kulu na biye da ita da ƙullin kaya. Yaran unguwa na tafiya makaranta da jakunkuna, ita tana matse zannuwan gadon wasu. Gwiwoyin Batulu suka fara kumbura, hawa bene shida ya koma sai ta huta sau uku.

Haka har 1986. Wata Laraba tana durƙushe tana goge ƙasa, sai Marta ta ƙwala mata kira daga falo.

"Inna Batulu! Zo ki ga wata mai kama da ke, har wushiryar!"

Wata mujallar Turawa ce Habila ya zo da ita daga ofis. Batulu ta goge hannu a zaninta, ta karɓa. Mace ce zaune da rariya a hannu, ɗankwali shuɗi, gari na zuba kamar hayaƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ba kama ba ce, uwar ɗakina. Ni ce. Wannan ɗankwalin da shi na zo ƙasar nan. Kwana tara ina zaune da rariyar nan, har na ce masa in bai gama ba ranar zai ci fenti a madadin tuwo."

"Yesu! Ba kin ce an ƙona su ba?"

"Haka aka ce mini."

Marta ta bi rubutun da yatsa tana fassarawa. An sayar da zanen a gwanjo a wata ƙasar Turai, karo na biyu ke nan. Ta yi lissafi a bayan mujallar, ta ce da kuɗin ƙasar nan ya haura fam dubu arba'in. Ta ci gaba da karatu, sai ta dafa kafaɗar Batulu.

"Tsaya, Inna. Sun ce a ƙasar suna da doka. Duk lokacin da aka sake sayar da zane a gwanjo, ana cire wani ɗan kaso a ba wanda ya zana. In ya mutu, a ba magadansa. Magadansa, Inna! Ke da Kulu!"

Batulu ba ta san ko alif ba, amma wannan ta gane shi sarai. Ba gidan bene ta hango ba. Ta hango takarda mai hatimi da sunan Kulu a kai, kusa da sunan ubanta, da kuɗin da zai isa a yi wa yarinyar fasfo a sa ta makaranta ko da a aji ɗaya ne.

Marta ta ranta mata fam ashirin, ta kwatanta mata ofishin wani lauya a tsakiyar gari. Larabcin Batulu na kasuwa ne, don haka Kulu, mai shekara goma sha biyu, ita ce tafinta. Lauyan ya ce a nan Masar ba su da irin wannan doka, wanda ya sayar ya sayar, khalas, shi ke nan. Amma zai rubuta can ya tambaya, ya kuma bincika a kotu. Su dawo bayan wata uku.

Suka dawo. Ya ajiye takardu biyu a kan tebur, ya yi magana mai tsawo yana kallon silin. Kulu ba ta fassara ba.

"Me ya ce? Faɗa mini mana."

"Inna, ya ce mutanen can sun amsa. Wai sun riga sun biya sau biyu. Wai suna da magaji a rubuce."

"Wa?"

"Baffa Rabi'u."

"Ɗayar takardar fa?"

Kulu ta sunkuyar da kai. "Ta kotu ce, tun shekarar da Baba ya rasu. An rubuta wai... wai ya mutu bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, sai ƙani ɗaya. Mutum biyu sun yi shaida. Ɗaya ya koma gida, ɗayan Malam Nata'ala ne."

Da bakinta yarinyar ta faɗa wa uwarta cewa ba a haife ta ba. Lauyan ya ce ana iya gyarawa idan Rabi'u ya amsa, ko idan wanda ya ɗaura auren ya zo kotu ya rantse. In ba haka ba, ma'alish.

Ranar Batulu ba ta koma gida ba, Faisal ta nufa. Ta tarar da Rabi'u a falo yana shan shayi, fanka na juyawa, talabijin mai kala na ta surutu.

"A'a, Yaya! Yau a gidanmu? Kulu, an girma. A kawo musu lemo."

"Riƙe lemonka. Tokar na zo gani."

"Wace toka?"

"Tokar zane arba'in da uku da ka ƙona a cikin bargona."

Ya kashe talabijin, ya tura yaransa ɗaki. Ya ce wallahi da niyyar ƙonawa ya fita, a hanya ne ya tuna da wani hawaja, wato Bature, mai shagon zane a unguwar Zamalek da ya taɓa sayen na marigayi. Ya ga asara ce. Shi kuma hawajan ya ce ba ya saye sai da takardar magaji.

"To, ke kina takaba, ba ki da iƙamar zama a ƙasar nan, ba ki da takardar aure. Da na ambaci sunanki a kotu, da tuni an tusa ƙeyarki zuwa gida. Rufa miki asiri na yi, Yaya. Kuma nawa aka ba ni? Fam ɗari takwas kacal! Likkafani wa ya saya? Sadakar uku da ta bakwai wa ya yi?"

"Na Turai fa, da aka aiko maka sau biyu?"

"Wannan ai ɗan abin shan shayi ne. Kuma Malam da kansa ya ce ba gado ba ne. Abin da ba gado ba, ina tumuni a cikinsa, ina rabi?"

"Haram ne a hannun marainiya, da ya shiga aljihunka ya musulunta ke nan? Ni ba na son bas ɗinka, Rabi'u. Ci wanda ka ci. Ka zo kotu ka ce yayanka ya haifi 'ya, shi ke nan."

"Ki ce in je in kai kaina kurkuku! Shaidar ƙarya fa za su kira shi. Yarana huɗu wa zai riƙe? Haba Yaya, ki ji tsoron Allah mana."

Ya zaro fam biyar ya miƙa wa Kulu, wai ta sayi takalmi. Batulu ta buge hannunsa, takardar ta faɗi kan darduma. Da suka kai ƙofa ta waiwaya, ta ga ya sunkuya ya ɗauke abinsa.

Malam Nata'ala ta tare shi a ƙofar masallaci bayan La'asar. Yanzu ya yi ƙiba, ɗalibai na riƙe masa littattafai. Ta durƙusa da kumburarrun gwiwoyinta a kan titi.

"Allah gafarta Malam, kai ka ɗaura mini aure ko ba kai ba?"

"Ni ne, ai ba a musun wannan."

"Kai ka raɗa wa yarinyar nan suna?"

"Ni ne."

"To, yaya aka yi ka shaida Sabo bai bar kowa ba?"

Ya sallami ɗaliban da hannu, ya rage murya. Ya ce Rabi'u ne ya gaya masa takardar ta kwashe kayan haram ce kawai, shi bai karanta ta da kyau ba, kuma ayyuka ai da niyya suke. A wurin Allah aurenta tabbatacce ne, Kulu 'yar halal ce, wannan ba ya buƙatar hatimin kowa.

"Makaranta ba ta karɓar wannan, Malam. Hatimi take so."

"Saura wata bakwai in kare digirina in koma gida, Batulu. In na shiga kotu na ce na yi kuskure, za su kore ni, shekara ashirin ta tashi a banza. Kuma kuɗin sura ba albarka a cikinsa. Allah ne Ya tsare ki da shi. Ki yi haƙuri, akwai ranar hisabi."

"Akwai. Amma kafin ta zo, me yarinyar nan za ta ci?"

Ya ce zai sa su a addu'a. Bayan wata bakwai aka yi masa walima, ya hau jirgi.

Daga nan komai ya bi ta gangare. Aka mayar da Habila gida, Marta ta tafi tana kuka, ta bar mata tukwane biyu, ta yafe fam ashirin ɗin. Sabuwar matar da ta zo ta ce injin wanki gare ta. Gwiwar Batulu ta dama ta ƙi lanƙwasuwa sam. Kulu ta fara bin gidaje ita kaɗai tana share matakala. Haya ta taru wata biyar, mai gadi ya hau ya ce mai gida na son ɗakin, zai ƙara tantabaru.

Da safe Batulu ta jawo ɗan zanen nan daga ƙarƙashin katifa. Ta kunna risho, ta riƙe shi a sama da wutar har katakon ya ɗumama. In ta ƙona shi, ko ba komai Rabi'u ba zai ci ba. Sai Kulu 'yar shekara uku ta dube ta daga cikin ƙyallen, Kulu 'yar shekara goma sha uku kuma na tsaye a ƙofa ba ta karya ba. Ta kashe rishon, ta ja Kulu suka nufi Zamalek da zanen.

Shagon hawajan sanyi ƙalau, ƙasa na ƙyalli. Ya sa tabarau, ya juya zanen gaba da baya, ya shinshina shi. Ya ce na Sabo ne, ba shakka, zai ba da fam ɗari shida. Amma shi mutum ne mai bin ƙa'ida: ba ya sayen kayan mamaci sai magaji ya sa hannu. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko lambar wayar Rabi'u.

Kafin awa guda Rabi'u ya iso cikin farar jallabiya, yana ƙamshin turare. Bai yi faɗa ba. Ya ce don zumunci zai sa hannu, ɗari biyu kawai zai cire na wahalarsa. Batulu na zaune a kujerar bakin ƙofa.

Hawajan na ƙirga kuɗi, sai idonsa ya faɗa kan Kulu. Ya dubi zanen, ya dubi girarta ta hagu, ya sake duban zanen.

"Wannan tabon... Ita ce a ciki, ko? Wace ce ita a wurin mai zanen? Masu saye suna son su san irin wannan, yana ƙara daraja."

Rabi'u bai ɗaga kai daga takardar ba.

"'Yar maƙwabta ce," ya ce da Larabci. "Wannan uwarta ce, tana yi masa wanki."

Kulu ta ji, don Larabcinta ya fi nasa. Batulu ta ja hannunta.

"Me ya ce?"

"Ba komai, Inna. Yalla, mu tafi."

Fam ɗari huɗu ta biya bashin haya, ta sayi maganin gwiwa, ta kai su ƙarshen sanyi. Daga nan ta ƙare.

Zanen kuwa bai ƙare ba. Zai hau jirgin da Kulu ba ta da takardar hawa, a rataye shi a ɗakin da ba za a bar ta ta shiga ba sai da tsintsiya. Duk ranar da wani mai kuɗi ya gaji da kallonsa ya miƙa wa wani, za a cire kason magada yadda doka ta ce, a sa a ambulan, a rubuta adireshin Faisal. Waɗanda suka yi dokar don marayu suka yi ta, amma takarda suke tambaya, takarda kuma namiji mai ƙafar zuwa kotu ne ya riga ya yi ta, a watannin da aka ce matar ta zauna a ɗaki ta rufe baki don girman mijinta. Ta zauna, ta rufe. Wanda ya ce haram ne yana can gida ana sumbatar hannunsa. Wanda ya ce zai ƙona ya sayi bas ta biyu.

Har yau in Batulu ta ga wani ɗan gida da jakar takardu, sai ta tare shi ta zaro shafin mujallar nan daga ƙullin zaninta, duk ya yi laushi, ninkin ya cinye rabin fuskar. Takan ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, duba mini nan. Akwai inda aka rubuta sunan yarinyar?"

Su duba, su ce babu.